Daga takarda zuwa majigi: abin da na sha kafin gajeren fim ɗina ya fita

Tun ranar da aka haska fim ɗina na kammala karatu a zauren sashenmu, ƙannenmu na ajin baya ke tare ni da tambaya, kuma kusan kullum tambayar ɗaya ce: "Yaya, da wace kyamara kika ɗauka?" Nakan faɗa musu, su rubuta a waya, su tafi da murna kamar an ba su laƙani. Ni kuwa sai in bi su da kallo, don a cikin wata goma sha huɗu da aikin ya ci, kwana uku kacal kyamara ta yi a hannuna. Takardu da sauti ne suka hana ni barci. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani ya tsallake ramukan da na faɗa.

A sashenmu ba a barin ɗalibi ya taɓa kayan aiki sai malamin da ke duba aikinsa ya amince da labarin a rubuce. Abin da ake fara miƙawa shafi biyu ne: jimla ɗaya da ta ɗauke labarin duka, taƙaitaccen bayani, sai jerin wurare da 'yan wasan da ake buƙata. Labarina na wani dattijo ne mai gadin ɗakin karatu, shekara da shekaru yana tsaron littattafai amma bai iya karatu ba, da wata ɗaliba da barci ya sace aka kulle ta a ciki har gari ya waye. Sati biyu na jira kafin Malam ya ce in kawo cikakken rubutu. Na kai masa shafi 31 ina ji da kaina. Bai ko buɗe ba, ya ɗaga takardun yana auna nauyinsu a hannu, ya ce, "Ke, kin san minti nawa kika kawo min?" Na ce, "A'a, Malam." Ya ce in an tsara rubutun fim bisa ƙa'ida, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka rabin awa na kawo. Na yi ƙarfin hali na ce ai masu ba da kyautar Oscar suna lissafa duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba a matsayin gajere. Ya ce haka ne, amma gasar gajerun finafinai ta bikin Cannes a Faransa ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, har da sunayen ƙarshe. Ya ƙara da abin da ban taɓa tunani ba: masu shirya bukukuwa suna jera gajerun finafinai ne a zama ɗaya, to fim mai rabin awa sai ya cinye wurin finafinai biyu ko uku, ke nan dole ya fi su duka kafin a ɗauke shi. Sau biyar na sake rubutun. Na cire uwar yarinyar, na cire saurayinta, na cire duk abin da ke faruwa da rana. Da aka koma shafi 13, mutum biyu, ɗaki ɗaya, dare ɗaya, sannan ya sa hannu. Na ji zafin yankan a lokacin, amma yanzu ko sunan saurayin na manta.

Daga nan aka shiga zagayen ofis-ofis, kuma a nan ne na fara sanin cewa fim ba a kan teburin rubutu yake ƙarewa ba. Fom ɗin aron kaya yana son sa hannu uku: nawa, na Malam, na shugaban sashe. Na samu duka a kwana huɗu, na kai wa mai kula da sito. Ya duba ya ce ba zai ware min rana ba sai ya ga takardar izini daga wurin da zan yi ɗauka. Na tafi ofishin ɗakin karatu, sakatariya ta ce ba za su ba da izini ba sai na kawo tabbacin ranakun da aka ba ni kaya. Na koma sito, na dawo ɗakin karatu, na sake komawa, kowa yana jiran takardar ɗan'uwansa, kuma kowa yana da gaskiyarsa. A zuwa na uku ne wata ma'aikaciya da ta ga ina shirin kuka ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, ki daina rubuta rana ɗaya. Ki nemi izinin dare uku a tsakanin ranar kaza da ranar kaza, ki ba su faɗin sati biyu." Haka na yi, aka buga hatimi, mai sito ya zaɓi ranaku a cikin wannan tsakanin. Ashe da saura: tunda da dare za mu yi aiki, sai an sanar da ofishin tsaro da sunan kowa da lambar katinsa na ɗalibi, da wasiƙa ta daban ga wanda ba ɗalibi ba. Kwana 19 wannan zagayen ya ci. Abin da ya cece ni sau biyu shi ne duk wasiƙar da zan miƙa ina yin kwafi biyu, a buga min hatimin an karɓa a kan nawa. Akwai ranar da aka ce ba a ga wasiƙata ba, na zaro kwafin, maganar ta mutu a nan.

Yarinyar da ta fito a ɗalibar 'yar ajinmu ce. Dattijon kuwa tsohon ɗan wasan daɓe ne da ya daɗe da ajiye aiki, wani malami ya haɗa mu, muna ce masa Baba. An koya mana cewa duk wanda fuskarsa ko muryarsa za ta fito sai ya sa hannu a takardar amincewa, wadda ke cewa ya yarda a nuna fim ɗin a ko'ina. Ƙawata ta sa nan take. Baba kuwa, na zo da takardar a jaka har sau biyu, kunya ta hana ni fito da ita. Gani nake kamar in ce wa sa'an kakana ban yarda da maganar bakinsa ba. Na ce a raina sai an gama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kuɗin aikin daga ɗan abin da na tara ne na ɗaukar hoto da hutu, da gudummawar yayana. Na kasa su a kan sufuri, ɗawainiyar mutum bakwai na dare uku, baturai, katin ajiya biyu, faifan ajiya ɗaya, da ɗan abin hasafi ga Baba. Ko kwabo ban ware wa abin da zai biyo bayan ɗauka ba, don a zatona tacewa a kwamfutata zan yi, kyauta.

Daren farko awa biyu muka ɓata a kan fitilu. Dogayen fitilun silin masu farin haske ne a ɗakin, sai muka ga wani baƙin layi yana hawa yana sauka a hoton. Mai ɗaukar hotonmu ya tuna darasin aji biyu: wutar lantarki tana juyawa sau 50 a sakan a ƙasashe da yawa, sau 60 a Amurka da wasu, kuma irin waɗannan fitilun suna ƙyaftawa tare da ita, to sai an daidaita saurin ƙiftawar kyamara da wutar wurin. Muka sa hoto 25 a sakan, ƙiftawa ɗaya bisa 50, layin ya ɓace. Muka yi ta tafa wa kanmu. Duk wannan lokacin babu wanda ya waiwayi yaron da ke riƙe da sandar makirfo, wanda na roƙa ana gobe ɗauka saboda yana da tsawo. Ba shi da abin saurare a kunne, yana ganin allurar na'urar naɗin sauti tana motsi ne kawai ya ce komai lafiya. A dare na biyu muka zo fitowar da ta fi kowace muhimmanci, inda dattijon ke gaya wa yarinyar cewa launin bango da kaurin littafi yake bi ya mayar da kowane mazauninsa. Baba ya ce, "'Yata, mai gadi ba ya zama shiru da dare, a kunna rediyon nan." Na ce, "To, Baba." Shawarar ta burge ni ƙwarai. Aka kunna, wata sananniyar waƙa tana tashi a hankali, Baba ya yi wasan da ya sa har mai riƙe da fitila ya share ƙwalla. Sau shida muka ɗauka, ta fuskarsa, ta fuskarta, da daga nesa, rediyo na ta yi. Da asuba ta uku muka naɗe kaya cikin gaggawa don a buɗe wa masu karatu, ban ko tsaya ɗaukar shirun ɗaki ba, wato minti ɗayan nan da kowa ke yin tsit a naɗi numfashin wurin don cike giɓi a wajen tacewa. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne ajiya: kowace safiya kafin in kwanta sai na kwafe katin zuwa wuri uku, kwamfuta, faifai, da wani faifan aro da ke kwana a ɗakin ƙawata, kuma ba a goge kati sai na buɗe kwafin na gani da idona.

Da manhajar DaVinci Resolve na tace, wadda kamfanin Blackmagic Design ke ba da nau'inta na kyauta, kuma ya ishi ɗalibi har ya yi yawa. Kwamfutata ta riƙa shaƙewa, sai na koyi yin ƙananan kwafi marasa nauyi a yi yanka da su, a koma kan na asali a ƙarshe. Haɗin farko ya fito minti 22, na yi ta aski har ya sauko minti 14 da sakan 30. Sai na sa abin saurare mai kyau na aro, a karon farko, na ji fim ɗina. Gabana ya faɗi. Akwai wani gurnani a ƙarƙashin kowace magana, na injin sanyaya ruwa da ke lungun ɗakin, wanda kunnenmu ya saba da shi har ya daina ji, makirfo kuwa ba ya sabo. Wannan da sauƙi, an rage shi. Fitowar rediyo ce ta gagara. Duk inda na yanka daga fuskar Baba zuwa ta yarinyar sai waƙar ta yi tsalle, daga amshi ta faɗa tsakiyar baiti, don kowace ɗauka da inda waƙar take. Kuma ta cakuɗe da muryarsa a naɗi ɗaya, ba ta ɓarewa. Na kai wa malamar da ke koyar da sauti. Ta saurara ta ce yadda ake yi shi ne a bar rediyo a kashe, ɗan wasa ya yi kamar yana ji, a ɗora sautin daga baya. Sannan ta tambaye ni ko ina da izinin waƙar. Na ce ai rediyo ce ta sa, ba ni ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kowace waƙa da aka naɗa haƙƙi biyu ne a kanta: na wanda ya tsara kalmomi da kari, da na wanda ya mallaki naɗin, kuma sau da yawa mutane daban ne. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma mafi yawan ƙasashen duniya ke ciki, ta sa kariyar mawallafi ta kai aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa ma sun kai ta 70. Kasancewata ɗaliba zai iya wucewa a cikin aji, amma duk bikin da zan tura wa fim sai na tabbatar musu cewa komai na ciki ina da iko da shi.

Na rubuta wa masu waƙar, na jira sati uku, amsar da ta zo kuɗin da aka yanka ya fi abin da na kashe a fim ɗin gaba ɗaya. Hanya ɗaya ta rage: a zubar da sautin fitowar, a sake ɗaukar muryoyin a ɗora a kan motsin baki. Na kira Baba, aka ce ya tafi wurin 'yarsa a wani gari jinyar ƙafa. Sati biyar na jira, kullum ina lissafin ranar miƙa aiki, ina tuna takardar da ke jakata babu sa hannu. A nan ne ido ya raina fata, don na gane in wani abu ya faru, ba ni da muryarsa, ba ni da izininsa, ba ni da fim. Da ya ji sauƙi na ranci kuɗin mota na tafi da ƙaramar na'urar naɗi. Muka rataya barguna a bango don kashe amsa-kuwwa, ina kunna masa jimla ɗaya a kwamfuta sau uku yana kallon bakinsa, a na huɗu ya faɗa tare da hoton. Jimla 17, yini guda cur. Abin da ya fi wuya ba daidaita baki ba ne, dawo da abin da ya ji a zuciya a wancan daren ne, yana zaune a kan gado da rana tsaka. Da muka gama na fito da takardar hannuna na rawa. Ya karanta a nutse, ya sa hannu, ya ce, "'Yata, wannan ce kika yi ta ɓoyo? Ai mu tun kafin a haife ki muke sa hannu a irinta." Kiɗan da ya maye gurbin waƙar wani ɗalibin sashen kiɗa ne ya tsara min, kuma shi kam kafin ya taɓa komai muka rubuta yarjejeniya. Na so ɗauko na kyauta daga intanet, sai na lura da yawansu lasisin Creative Commons ɗinsu, wato sharaɗin da aka ba da su kyauta a kai, ya haramta amfanin kasuwanci, wanda zai ɗaure ni in wata rana wata tasha ta so sayen fim ɗin.

Ranar kare aiki a gaban malamai ba ta da wani dogon labari. Na miƙa fim, rubutu, littafin tafiyar aiki, da kwafin duk takardun izini. Aka yi min tambaya uku, ɗaya a kan dalilin da ya sa sautin fitowa ɗaya ya fi sauran tsabta. Na faɗi gaskiya, aka yi dariya, na ci.

Daɗi ya kwashe ni a daren nan na ɗora fim ɗin a YouTube a buɗe don 'yan'uwa su gani. Kwana tara ya yi kafin wani da ya riga mu gamawa ya kira ni ya ce, "Ke, sauke shi yanzu." Manyan bukukuwa da yawa suna son su zama masu haskawar farko, wasu a duniya, wasu a ƙasarsu, kuma fim ɗin da kowa ya iya kalla a intanet ya fita daga sharaɗinsu. Na sauke, amma inda fom ya tambaya ko an taɓa sakinsa ga jama'a, gaskiya na rubuta, kuma hakan ya rufe min wasu ƙofofi. Abin da ake yi shi ne a ɗora shi a kulle da kalmar sirri, kamar a shafin bidiyo na Vimeo, a ba wanda ake so kaɗai. Yawancin bukukuwa ta shafin intanet na FilmFreeway suke karɓa, wasu kuma suna da tasu hanyar, kamar bikin Clermont-Ferrand na Faransa, wanda na gajerun finafinai ne zalla. Cannes ma tana da sashen finafinan ɗaliban makarantun fim tun 1998, wanda yanzu ake kira La Cinef. Kafin a danna tura sai an tanadi taƙaitaccen labari gajere da dogo, tarihin darakta da hotonta, hotuna daga cikin fim, fosta, jerin ma'aikata, shaidar ɗalibta, da fassarar Ingilishi a ƙasan allo. Fassarar ta ci min sati guda: layi biyu ne iyaka, kowane kusan harafi 42, kuma karin maganar da Baba ya yi a sakan biyu sai ta nemi layi huɗu. Ku ajiye ta a fayil na daban irin SRT, ku kuma ajiye fim ɗin tsurarsa babu rubutu, don wani bikin zai so ɗora nasa harshen. Kuɗin shiga hawa-hawa ne, wanda ya tura da wuri ya fi samun sauƙi, akwai rangwamen ɗalibai, akwai na kyauta, kuma ana iya rubuta wasiƙa a roƙi a yafe. Na rubuta takwas, biyu suka yafe, ɗaya ya rage rabi, sauran shiru. Akwai kuma masu kiran kansu biki amma ba su da zaure ba su da 'yan kallo, kowane wata suna raba kyaututtuka ga duk wanda ya biya. Na faɗa tarkon ɗaya kafin in koyi neman hotunan zaman da suka yi a bara.

Wuri 14 na tura. Jira ya fi komai cin rai, wata uku, wata huɗu, kana buɗe imel kafin ka wanke ido. Amsoshin ƙi duk kamarsu ɗaya, ladabi da yawa, dalili babu. A wata na biyar wani ƙaramin bikin finafinan ɗalibai ya ɗauka, suka ba ni kwana goma in turo DCP, wato ƙunshin da injinan majigi na gidan sinima ke karantawa. Kamfanoni na yi da kuɗi, ni da DCP-o-matic na yi, manhaja ce ta kyauta. Mai injinsu ya ce hoto 24 a sakan yake so, wanda shi ne ma'aunin sinima tun zamanin da finafinai suka fara magana, ni kuwa da 25 na ɗauka. Da aka mayar, fim ɗin ya ɗan rage gudu, minti 14 da sakan 30 ya koma minti 15 da sakan 6, muryar Baba ta ƙara kauri kaɗan. Su bai dame su ba, amma mai harin iyakar minti 15 ya yi wannan lissafin tun kafin ya kunna kyamara.

Da zan sake daga farko, ranar da Malam ya sa hannu a labari zan buɗe jakar takardu, kuma ba wanda zai tsaya gaban kyamarata, ko kakana ne, sai ya sa hannu. Zan nemi mai sauti kafin mai hoto, in ba shi ikon tsayar da ɗauka duk lokacin da kunnensa bai gamsu ba, in kuma je wurin kwana ɗaya kafin nan in rufe ido in saurari abin da ke ƙara. Zan ajiye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don sauti, fassara da kuɗin shiga bukukuwa. Zan karanta sharuɗɗan bukukuwan da nake hari tun ina rubutu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Na samu zuwa haskawar. Na zauna a layin ƙarshe, kuma da aka zo fitowar rediyo na kasa kallon allo, don na san akwai jimla ɗaya da muryar ta riga bakin Baba da ƙiris. Zauren ya yi tsit har aka wuce ta. Da na fito na kira shi na ce an tafa masa. Ya ce madalla, sannan ya tambaye ni yaushe za a fara na biyu, don ƙafar ta warke.